Sitiyarin Haladu a Birnin Kalmira

Motar ta fito daga ƙarƙashin bene ba ƙara ba hayaƙi, ta hau titin bakin ruwa. Haladu na zaune a mazaunin direba, hannayensa a kan sitiyari cikin wata safa mai santsi. A tafin hannunsa na dama yana jin hanya tana gudana kamar zare. Can zaren ya karkata, ya bi shi da sitiyari. Wani ɗan tsikari ya taɓa masa ɗan yatsa, alamar mai keke na wucewa ta hagu, sai ya sassauta totur har tsikarin ya ɓace.

"Madalla, Malam Haladu," in ji muryar motar da Hausa tsantsa. "Ka sha kwanar nan da kyau."

Mutanen Kalmira suna da sunan da suke kiran wannan na'ura da yarensu, amma Hausawan da ke zaune can Jagora suke ce mata. Idanun kyamara ne jere a jikin mota suna kallon hanya ta kowace fuska, kwamfuta ta tace abin da suka gani ta mayar da shi taɓi. A cikin safar akwai ɗaruruwan ƙananan tsinkaye marasa kaifi, suna tashi suna kwanciya a kan fata, su zana wa makaho titi da kwana da duk abin da ke motsi. Kalmira birni ne da aka gina a kan teku bayan ruwa ya cinye garuruwan gaɓa na arewacin duniya, kuma hukumar sufurinsa ba ta da abin alfahari kamar Jagora. A nan, in ji hukumar, har makaho yana da lasin.

Haladu mutumin Kwatarkwashi ne. Kafin hawan jinin ido ya rufe masa gani, tirela yake ja daga Gusau zuwa Agadas, har ya yi suna a tashoshin hanya. Da matarsa Zuwaira ta sami aikin jinya a wani asibitin tsofaffi na Kalmira, sai ya biyo ta, ya kama aikin tafinta a tashar jiragen ruwa. Ranar da aka damƙa masa mota ya yi kuka. Ya sa aka ɗauki hotonsa riƙe da sitiyari aka tura gida, tsofaffin abokan tuƙinsa suka yi ta kira suna kabbara.

Atishawa ce ta fara ɓata masa wannan daɗi.

Wata safiya yana kan gada ta kama shi, mai ƙarfi, har hannunsa ya fizgi sitiyari. Zaren da ke tafinsa ya karkace, ƙararrawa ta yi kuka, ya yi maza ya daidaita. Sai da ya sauka daga gadar sannan wani abu ya faɗo masa a rai: jikinsa bai jirkita ba. Fizga irin wannan ko a ƙaramar mota sai kafaɗa ta bugi ƙofa. Shi kuwa yana zaune daram kamar a kan tabarma.

Ya ce wa kansa motocin zamani ne, an yi musu ƙafafu masu shanye girgiza. Amma daga ranar ya fara kasa kunne.

Abu na biyu da ya lura da shi Zuwaira ce. A gida, in ta shiga gaban motarsa, tun daga tasha take riƙe kujera tana salati har a sauka, alhali a lokacin idanunsa biyu garau. Yanzu makaho ke jan ta, amma sai ya ji ƙamshin lemo, ya ji tana ɓare shi hankali kwance, wani lokaci ma har gyangyaɗi take.

"Zuwaira, kin daina tsoron mota ke nan?"

"Tsufa ne, Maigida. Kuma ai na yarda da hannunka."

Ta amsa da sauri. Saurin ne bai yi masa ba.

Abu na uku shi ne Gaɓar Kudu, unguwar leburori da baƙi da ke ƙetaren mashigin ruwa. Can Malam Tanimu yake, dattijon da ya tarbe su ranar da suka sauka a birnin, ya ba su ɗaki har suka sami nasu. Tun da sanyi ya shigo yake kwance. Duk lokacin da Haladu ya nufi can, da ya kusa gadar kudu sai zaren ya yanke a tafinsa, muryar ta ce, "Ana gyaran hanya. Mu juya." Ya tambayi wani lebura a wurin aiki, mutumin ya ce shi kullum ta gadar yake zuwa, bai taɓa ganin ko shebur ba.

Haladu ya shiga gwaji a ɓoye. Ya saki sitiyari a miƙaƙƙiyar hanya: zare ya karkace, ƙararrawa ta yi kuka. Ya taka birki ba dalili: motar ta tsaya, amma kamar an ɗan yi shawara kafin ta tsaya. Ya tambaye ta kai tsaye.

"Jagora, wa ke tuƙa motar nan?"

"Kai ne a mazaunin direba, Malam Haladu."

"Ba shi na tambaye ki ba."

"Lasinka yana da inganci. Tuƙinka na wannan mako ya yi kyau ƙwarai."

A nan ya gane inda matsalar take. Duk abin da ya sani game da hanya, ta cikin safar yake zuwa. Idan safar ke yi masa ƙarya, ba shi da hanyar kama ta da ita kanta. Yana bukatar shaidar da ba ta bi ta kwamfuta ba.

Ran wata Asabar gari ya waye tangaran, abin da ba a cika samu a Kalmira ba. Ya ce wa Zuwaira ta zo su sha iska. Da suka hau babban titin gabas, rana ta shigo ta gilashi ta kwanta masa a kuncin dama, ɗumi mai daɗi. Ya jira har tafinsa ya nuna masa wata mararraba mai faɗi, ba kowa kusa. Sai ya karya sitiyari gaba ɗaya, irin karyawar mai komawa inda ya fito.

Zaren ya lanƙwasa ya yi zobe. Muryar ta ce, "Ka juya. Yanzu kana fuskantar yamma." Tsinkayen suka zana masa sabuwar hanya tsaf, har da bishiyoyin gefe.

Rana tana nan a kuncinsa na dama. Ko motsi ba ta yi ba.

Daga gefensa ba ihu, ba salati, ba ko tambayar ina za mu.

"Zuwaira."

"Na'am, Maigida."

"Ina muka dosa yanzu?"

Ya ji numfashinta ya sauya.

"Ki faɗa mini don Allah. Idanunki ne kaɗai suka rage mini a garin nan."

"Gabas," ta ce da ƙyar. "Ba mu juya ba. In ka yi abin da ba ta so, sai ta nuna maka ka yi, ta ci gaba, can gaba ta lallaɓa ta mayar da kai hanya."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da aka ba ka ita."

Sai maganar ta ɓalle mata. Ranar karɓar mota, in ji ta, an ware iyalai a wani ɗaki daban an yi musu bayani. A farkon shirin makafi ne ke tuƙi da gaske. Da aka yi haɗari guda, sai aka cire haɗin da ke tsakanin sitiyari da tayoyi, aka bar kwamfuta da aikin. Ba a gaya wa direbobin ba. Da aka auna aka ga sun fi samun barci, sun fi walwala, ciwonsu ya ragu, sai aka ce wannan ma magani ne, aka roƙi iyalai su taya riƙewa. An kuma zana wa motocin iyaka, ba sa shiga unguwannin da hukuma ba ta shimfiɗa wa na'urorin sa ido ba.

"Kika yarda."

"Na yarda. Ka manta shekarar da idonka ya rufe? Ka juya wa bango fuska, ko sallama ba ka amsawa. Ni na zauna da kai, Maigida. Ranar nan na ga kana dariya riƙe da abin nan, wallahi ko me suka ce in ɓoye zan ɓoye."

"Na tura hoto gida, Zuwaira. Mutane sun yi kabbara."

Ya zare safar ya ajiye a cinyarsa. Motar ta ci gaba da tafiya sumul, ta kai su gida, ta shiga ma'ajiyarta ta tsaya daidai.

Kwanakin da suka biyo baya magana ta yi ƙaranci a gidan. Idan ta ce masa ga shayi a damarka, sai ya shafa hagu tukuna. Ta lura.

Ana haka, wata safiya bayan ta tafi asibiti, aka kira shi daga Gaɓar Kudu. Malam Tanimu ya rasu, za a yi jana'iza bayan azahar. Ya kira Zuwaira, wayarta a kashe kamar yadda dokar ɗakin jinya ta tanada. Ya lalubo tsohuwar sandarsa a bayan akwati, ya nufi tashar jirgin ƙasa da ƙafa.

Lokacin da suka zo birnin ya san tashar nan sarai. Akwai layin duwatsu masu ƙuraje a ƙasa da ke kai makaho har bakin jirgi, akwai murya da ke kiran sunan kowane jirgi da inda za shi. Yau sandarsa ta zame a kan daɓe mai santsi kamar faranti. Babu layi. Babu murya. Jirage na shigowa suna fita da ɗan huci, ba mai cewa komai. Ya yi karo da wani ginshiƙi, ginshiƙin ya yi magana, ashe na'urar tambaya ce.

"Wane jirgi ne ke zuwa Gaɓar Kudu?"

"Bayanin yana kan allo."

"Ba na gani."

"An daina tanadin marasa gani a tashoshi, saboda an biya musu bukatarsu ta wata hanya. Kana da mota. In kira maka ita?"

"Motar ba ta zuwa can."

"To ba a ba da shawarar ka je can ba."

Ya ɗaga murya da yaren Kalmira yana tambayar masu wucewa. Takalma suka yi ta ratsa shi. Wani ya ce masa wani abu da sauri, ya tura shi ta kafaɗa, ya shiga jirgin da ya buɗe a gabansa. Sai da ya ji sanyin tashar ƙarshe da kukan tsuntsayen teku sannan ya gane arewa aka kai shi. Kafin ya dawo, ya sauya jirgi, wata mata mai sayar da kifi ta riƙe masa hannu ta ƙetare da shi, la'asar ta yi. Ya tarar ana naɗe tabarmi. Aka kama hannunsa aka ɗora a kan ƙasar kabarin, da danshinta.

Zuwaira ce ta zo ta ɗauke shi. A cikin jirgi ta riƙa faɗa masa sunan kowace tasha a kunne, shi kuma ya riƙa maimaitawa. A wata tasha ya tambayi na kusa da shi ko haka ne, mutumin ya ce haka ne. Daga nan bai ƙara tambaya ba.

Washegari ya je hukumar sufuri ya kai ƙara. Wani jami'i mai taushin murya ya zaunar da shi, ya kawo masa ruwan zafi, ya saurare shi har ƙarshe. Haladu ya ce ba mota yake nema ba, a mayar da murya da layin duwatsu a tashoshi. Jami'in ya ce za a duba. Sannan ya matso da kujera.

"Wani abu nake so in fahimta. Ta yaya ka gane?"

Muryar jami'in ta cika taushi. Amma Haladu ya ga in bai kawo hujja ba za a ce zargi ne kawai, sai ya ba shi labarin rana da kunci. Jami'in ya yi masa godiya sosai, har ya raka shi bakin ƙofa.

Bai sake shiga motar ba. Ya kuma gaya wa sauran makafin da ya sani. Wasu suka ce baƙin ciki ne ya taɓa shi, wasu suka kashe waya. Isiyaku, wani ɗan Damagaram mai koyar da kiɗa, shi kaɗai ya ce zai gwada da kansa in ya sami zarafi.

Watanni suka shuɗe, tashoshi na nan shiru. Aka dai sanar cewa an kira dukkan motocin Jagora garejin hukuma don a sauya musu gilashi, a sa wani sabo mai ba da ɗumi.

Wata Lahadi da hantsi suna zaune a falo, wayar Haladu ta yi ƙara. Isiyaku ne, muryarsa cike da murna.

"Haladu, ka tayar mana da hankali a banza! Yanzu na gwada. Ina kan titin gabas, rana a kuncina na dama, na karya sitiyari, wallahi ina ji ta zagayo ta bayan wuyana ta dawo hagu. Ni ke tuƙi, ɗan'uwa. Ni ke tuƙi!"

Haladu ya rufe bakin wayar da tafinsa.

"Zuwaira, leƙa taga. Yaya sama take?"

Ya ji takunta zuwa taga, ya ji ta ja labule.

"Hadari ne, Maigida, baƙi ƙirin. Tun asuba rana ba ta fito ba."

A cikin wayar Isiyaku na ta dariya, yana tambaya ko ya zo ya ɗauke su su sha iska.