Zarto a Ƙafar Kujera

Ranar da suka fara haɗuwa, kujera ya fara kallo kafin ya kalle ta.

Ya shigo shagon kafintan da jaka a kafaɗa, ya yi sallama, ya wuce ta tana zaune a bayan tebur, ya durƙusa gaban wata kujerar katako mai hannu, ya kama shafa ta kamar ya ga ɗan'uwansa da ya daɗe a tafiya.

"Malam, kujerar ba ta amsa sallama," in ji ta. "Ni ce na amsa."

Ya ɗago, ya dube ta, ya manta abin da ya kawo shi. Ita ma ta sunkuyar da kai tana gyara biron da ba abin da ya same shi.

'Yar kafintan ce. Ta karanto harkar talla a jami'a, kuma tun dawowarta Baba yake kiranta Manaja, rabi yabo rabi tsokana. Ita ta ji labarin wani kamfanin fim yana neman layin da zai yi aiki, ta tara 'yan kasuwar layinsu ta kawo shawara: a ba kamfanin kaya kyauta, shi kuma ya bar sunayen shaguna su fito a kyamara. Kamfanin ya yarda da saurin da ya kamata ya sa mutum tunani. 'Yan kasuwa kuwa kowa ya zo da sharaɗinsa. Mai burodi ya ce jarumi kaɗai zai ci burodinsa, kada mugun fim ya taɓa. Tela ya ce duk wanda za a kashe kada a kashe shi cikin ɗinkinsa. Baba ne kawai bai kawo sharaɗi ba, don shi tun farko bai ga abin da kyamara za ta gaya wa mutanen da suka riga suka zauna a kujerunsa ba.

Saurayin shi ne mai haɗa kayan fim. Duk kofi, labule ko agogon bango da za a gani a allo, ta hannunsa yake bi, shi ya sa abokan aikinsa suke ce masa Tarkace. Ya zaɓi kujerar nan mai hannu, wadda a bayanta Baba ya kafa 'yar tagulla mai ɗauke da sunan shago, kamar yadda yake yi wa duk abin da ya fita daga hannunsa.

"Zan kula da ita," ya ce.

"Ka kula da sunan," ta ce. "Ya riƙa kallon kyamara."

Ya nemi lambar wayarta saboda aiki. Aikin ya iso da yamma.

"Manaja, barka da yamma. Kujerarku ta fi jaruminmu iya aiki. Ba ta manta maganarta, ba ta neman a gyara mata fuska."

Ta rubuta: "Ka gaishe ta. Sunan fa?"

"Sunan yana kallon kyamara. Ni kuma ina kallon ƙofar shagonku."

Ta karanta, ta kife wayar a kan tebur, ta sake ɗauka ta karanta don tabbatar da cewa bai yi kuskuren rubutu ba.

Daga nan kayan fim suka soma bukatar shawarar Manaja kullum. Yau tsayin tebur, gobe launin kanta. Yakan zauna a kan buhun ƙurar katako yana ba ta labarin sana'arsa: yadda fitowa ɗaya ake ɗaukarta a ranaku daban-daban, don haka in kofi yana hannun dama ranar Litinin, dole a same shi a hannun dama ranar Alhamis, da yawan ruwan da ke ciki.

"Wato aikinka ka hana abu canjawa," ta ce.

"Shi ne. In na ajiye abu a wuri, nan za a same shi."

"Har zuciya?"

"Ita ai ba ta wurina, Manajata. Ki duba aljihun teburinki."

"Tarkacena, wannan maganar a wane fim ka sato ta?"

Mama ta gane tun kafin a gaya mata, kamar yadda iyaye mata suka saba. Baba kuwa da aka gaya masa, ya ajiye guduma a hankali.

"Mece ce sana'arsa?"

"Baba, kayan fim yake haɗawa."

"Na gan shi. Da idona na ga ya jiƙa sabon labulen tela da ruwan shayi don ya tsufa. Mutumin da yake mai da sabo tsoho a yini ɗaya, shi zan ba 'yata?"

"Kai ma ai ka iya," in ji Mama daga ƙofa. "Sai dai kai shekaru ka ɗauka a kaina."

Baba bai yi dariya ba, amma bai ce a'a ba. Ya ce zai duba, wanda a bakinsa yana iya nufin komai.

A bakin layin akwai wani kantin kujerun ƙasar waje, gabansa duk gilashi, kuma ɗan mai kantin ya daɗe yana zuwa wurin Manaja yana ba ta labarin kansa. Ita Gilashi take ce masa. Ya ba 'yan fim babbar kujerarsa mai laushi, darakta ya dube ta ya ce ta dace da falon mugu. Gilashi bai yafe ba.

Wata safiya ya shigo shago da fara'ar mai kawo mummunan labari. Ya gaida Baba har ƙasa, ya miƙa masa waya. A hoton, Tarkace ne durƙushe, zarto a hannunsa, haƙoran zarton a cikin ƙafar kujerar nan mai hannu.

"Wai a faɗan ƙarshe mugun zai maka ta da ƙasa ta tarwatse," in ji Gilashi. "Ni dai na ce bai kamata a ɓoye wa Baba ba. Duniya za ta kalla."

Baba ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya juyo ga 'yarsa, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Tun kafin a haife ki ba a taɓa dawo mini da kujera a karye ba. Ke kika kawo 'yan fim ɗin nan. Yaron nan kada ya ƙara tako mini shago, maganarsa kuma na gama dubawa."

Ta shiga ɗaki ta rubuta wa Tarkace: "Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Manajata. Haka labarin ya zo, kuma a makare na sani. Amma na cire tagullar kafin in taɓa ta. Sunan Baba yana aljihuna, ba wanda zai gani."

"Ka cire sunanmu, ka yanke ƙafar. Wanne zan gode maka? Duk garin nan wa bai san hannun kujerar Baba ba?"

"Na so in gaya miki. Fuskarki na ji tsoro."

"To ka huta. Ba za ka ƙara ganinta ba."

Ta rantse ba za ta kalli ɗaukar faɗan ba. Ranar da aka zo yi, ta tsaya a ƙofar shago, wai iska take sha. Layi ya cika, har mai burodi ya rufe tanda. Baba yana ciki yana goge wani katako da sanfefa, katakon da ya riga ya yi sumul tun jiya.

Darakta ya ba da umarni. Mugun fim, wani ƙato mai gemu wanda a zahiri ko kaza ba ya iya yankawa, ya ɗaga kujerar sama, ya yi ƙaraji, ya maka ta da ƙasa.

Kujera ta yi tsalle, ta juya, ta zauna da ƙafafunta.

Ya sake ɗauka ya maka. Ta sake zama. A na gaba ta dawo ta buge shi a ƙauri, ya riƙe ƙafa yana kiran sunan mahaifiyarsa, abin da babu shi a rubutun fim. Layi ya kece da dariya.

"Tarkace!" darakta ya daka tsawa. "Ba ka yanka ba?"

"Na yanka, ranka ya daɗe." Ya saci kallon ƙofar shagon. "Rabi. Hannuna ya ƙi ƙarasawa."

Darakta ya kore shi daga aiki nan take, da kalmomin da ba a sa wa a fim. Sannan ya koma ya kalli abin da kyamara ta ɗauka, kafaɗunsa suka fara rawa, ya share hawaye, ya sanar cewa dama haka ya tsara: mugun da ko kujera ta fi ƙarfinsa. Ya mai da Tarkace bakin aiki ba tare da ya tuna ya kore shi ba.

Manaja kuwa wani baƙin ciki ne ya kama ta, irin na wadda ta yi karatu. Ga tallar da ba a taɓa yin irinta a layin nan ba, kuma sunan shago yana cikin aljihun wando.

Tarkace ya dube ta. Ya sa hannu a aljihu.

"Ranka ya daɗe, akwai matsala. A duk fitowar baya, kujerar da tagulla a bayanta. A wannan babu. Masu kallo za su lura. Dole a sake."

Darakta ya dafe kai, don ya san gaskiya ce. Mugun fim ya tambaya ko ba za a iya sake labarin ya shiryu ba.

Sai da Tarkace ya durƙusa yana ɗaura tagullar sannan ta gane abin da ya yi. Ƙafar a yanke take rabi, ta kuma sha duka. In ta karye yanzu, da sunan Baba za ta karye, a gaban kyamara, kuma shi ke nan tsakaninsu har abada. Ta waiwaya. Sanfefa ta yi shiru. Baba yana tsaye a bayanta.

Ƙaton ya ɗaga, ya rufe ido, ya maka.

Kujerar ta yi wata 'yar ƙara, ta yi tangaɗi, ta tsaya, tagullarta tana kallon kyamara kamar an koya mata.

Baba ya ratsa mutane bai kula masu tafi ba. Ya kifa kujerar, ya bi yankan da babban yatsa.

"Wa ya koya maka riƙon zarto?"

"Ba kowa, Baba."

"Na gani. Yankan ma a karkace yake." Ya miƙe. "Abin da ka ɓata, da hannunka za ka gyara. Ba zan taɓa maka ba. In ka gama ka kawo in zauna."

Haka Tarkace ya koma zuwa shago kullum da safe kafin a fara ɗauka. Ya ɓata katakon da ya isa a yi gado. Baba yana wucewa ta bayansa yana tsaki, wani lokaci tsakin yana nuna inda ya kamata a sa gam. Manaja tana bayan teburinta, ba ta yi masa magana sai ta waya.

"Ƙafar nan ta fi sauran gajarta."

"Na sani, Manajata. Kin yafe mini?"

"Ka gama ƙafar tukuna, Tarkacena."

Ya daɗe yana kallon kalmar ƙarshe har gam ya bushe masa a yatsa.

Ranar da ya gama, Baba ya sa aka ajiye kujerar a tsakiyar shago. Ya zagaya ta, ya zauna da dukan nauyinsa, ya jingina, ya girgiza hagu da dama. Kujerar ta ɗan yi ƙwas a ƙasa. Manaja ta miƙe tsaye a bayan teburinta.

"Tana ɗingishi," in ji Baba.

"E, Baba."

"Da ka kai wa wani kafinta a ɓoye, da ba ta yi ba."

"Ka ce da hannuna."

Baba ya ƙara jingina, ya kalli rufi.

"Ba zan sayar da wannan ba, ba zan kuma ajiye ta a shagona mutane su gani ba. Sai dai a kai ta wani gida." Ya yi gyaran murya. "Ka gaya wa manyanka su zo."

Mama, wadda ta ce ita ba ruwanta, ta fito daga bayan ƙofa tana share ido da gefen mayafi.

An ɗaura aure kafin fim ya fito. Mai burodi ya ciyar da kowa, har mugun fim, wanda ya zo yana ɗan jan ƙafa. Gilashi ya aiko da gaisuwa da uzurin tafiya. Da fim ya fito kuwa, masu suka sun ce labarin ba shi da kai, jarumin ba shi da gishiri, amma kujerar ta yi ƙoƙari. Mutane suka riƙa zuwa shago suna neman irinta, wasu har suna tambaya ko an yarda su gwada makawa. Wani kamfanin fim ya aiko yana tambayar layin. Baba ya ce shi har yanzu bai ga amfanin talla ba.

Da ya kai wa amarya da ango ziyarar farko, suka ba shi kujerar a falo. Ya zauna, ya girgiza, bai ji ƙwas ba. Ya sunkuya. A ƙarƙashin gajeriyar ƙafar an ninke katin gayyatar bikinsu an cusa.

"Wannan aikin wa?"

"Nawa ne, Baba," in ji Manaja.

"Namu ne," in ji mijinta.

Baba ya dube su, ya gyara zama, ya bar katin a inda yake.

"To, haka za ku riƙa yi," ya ce. "Allah ya yi muku albarka. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuriya mai jin magana fiye da uwarsu."

"Amin," suka ce tare, ita tana hararar Baba, tana murmushi.