Allurar da Ba Ta Komawa

Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna na yammacin Lahadi aka tsinci mai burodi a cikin kwalbatin kwanar gidan mai. Ƙafarsa ta dama ta karye, kekensa ya lanƙwashe, burodi ya warwatsu har tsallaken titi. Motar da ta buge shi ko birki ba ta taka ba. Bai ga fuskar mai tuƙin ba, amma motar kam ya gan ta, kuma duk unguwar babu wanda bai san ta ba: tsohuwar koriyar motar Hedimasta, wadda ta girmi rabin 'yan sandan ofishin unguwar.

Kafin rana ta faɗi Sajan ya kamo direban gidan, wani dattijo da ake kira Sannu-Sannu. Sunan bai faɗi ƙasa ba, don har masu keke suna wuce shi a hanya suna ɗaga masa hannu. Shekara ashirin da shida yana jan motar nan. Makulli yana aljihunsa, kuma ba shi da shaida, ya ce barci yake yi a ɗakinsa. In laifin ya tabbata a kansa, gidan yari ne da ƙwace lasisi, ga mutumin da ya haura sittin kuma bai iya wata sana'a ba.

Da safiyar Litinin aka miƙa wa Sufeto binciken. Mace ce marar yawan magana, irin wadda za ta bar ka ka yi ta zuba har ka gaji ka faɗi abin da ba ka yi niyya ba. Ta sami Hedimasta tsaye a garejinsa, ransa a ɓace.

"Ranki ya daɗe, kun kulle bawan Allah a banza. Motar nan ba ta motsa ba. Jiya ni da uwargida mun yini wajen yayata, a tasi muka je." Ya miƙa mata waya. "Ranar Asabar aka sa mini sababbin agogo uku a cikinta, na ɗauki hoto a nan garejin bayan mai aikin ya dawo da ita. Duba kilomita a hoton, ki duba na motar."

Ta duba. Lambar ɗaya ce, ko ɗigo bai ƙaru ba.

Sajan ya yi dariya. "Baba, ai wannan tsohuwar dabara ce. A kwance wayar agogon gudu ta bayan dashbod, a yi yawo kilomita ba ta ƙaruwa, a dawo a ɗaura. Kowane tsohon direba ya san ta."

Sufeto ta zagaya gaban motar ta nuna tsagewa a gilashin fitilar dama, da shuɗin fentin keke a jikin bamba. Sai yanzu Hedimasta ya lura da su. Shi tun jiya lambobi kawai yake kallo, kamar yadda ya saba da takardun jarrabawa.

Ta shiga ta zauna a kujerar direba. A ƙarƙashin rediyo an kafa agogo uku cikin wani farantin ƙarfe: na zafin inji, na ƙarfin baƙin mai, da na juyin inji. Aikin ya burge ta ƙwarai. Kai ka ce da su motar ta fito daga kamfani. Kowane agogo yana da allura biyu, fara da siririyar ja. A hoton Asabar duk jajayen suna kwance a kan sifiri. Yanzu ta agogon juyin inji tana tsaye a kan shida, cikin wurin da aka shafa wa ja.

Ta zura hannun dama ta ƙarƙashin dashbod tana laluben wayar da Sajan ya ambata. Ta taɓa ta, amma da ta zaro hannun sai ga jini. Wani abu mai kaifi ya yanke ta a bayan hannu, tun daga gindin babban yatsa. Ta goge da hankici.

"Baba, makulli nawa ne da motar?"

"Biyu. Ɗaya wurin direba, ɗaya a ƙusa bayan ƙofar falo."

"Wa ya san da na ƙusar?"

"Duk 'yan gida. Ni, uwargida, sai ƙaninta da ke zaune da mu, wanda yara ke ce wa Kawu. Shi ma jiya yana wajen kallon ƙwallo."

"Wa ya sa agogon?"

"Mai rewaya na bayan tasha, mai gyaran wutar mota. Motar ta yini a hannunsa ranar Asabar."

Sajan ya gyara tsayuwa. Wanda makulli ya yini a hannunsa ai yana iya yanka wani.

Shagon mai rewaya ɗan ƙarami ne, amma kowace sukurdireba tana da ƙusarta a bango, an ma zana siffarta da alli. Mutum ne siriri mai tabarau, a bayan hannunsa na dama akwai filasta. Sajan ya ga filastar, ya zungure Sufeto da gwiwar hannu har sau biyu.

"Mene ne amfanin jar allura?" ta tambaya.

Fuskarsa ta washe, kamar wanda aka tambayi lafiyar ɗansa na fari. Ya ɗauko wani agogo daga kanta ya tura farar allurar da yatsa.

"Kin gani, ranki ya daɗe? Fara tana hawa, tana tura ja. Fara ta sauko, ja ta tsaya inda aka kai ta. Ita ba ta komawa. Na sa wa Baba Hedimasta ne don injin ya tsufa, in ya taɓa yin zafi ko an matsa masa, a sani. Agogon kamfani sai inji ya gama dahuwa yake magana."

"Ba yadda za a mayar da ita?"

"Akwai mana. Ɗan maɓalli ne a ƙasan gilashin, a murza hagu. Na nuna wa Baba, na nuna wa Sannu-Sannu. Shi har sau uku ya gwada, wai kada ya manta."

"Wa kuma yake wurin?"

"Babu. Mu uku ne."

"Hannunka fa?"

Nan fa ya sunkuyar da kai, kunya ta kama shi sosai. "Laifina ne. Ƙarfen da ya riƙe farantin ta ciki, ban goge bakinsa ba. Magagarina ya karye ana cikin aiki. Na gaya wa Baba yau zan je in ƙarasa. Kwana biyu abin nan yana damuna, wallahi."

Sufeto ta buɗe hoton Asabar ta faɗaɗa shi. A gefe ga hannun mai rewaya yana nuna agogon, da filastarsa tun ranar. Maƙwabtansa uku kuma suka ce Lahadi ya yini a shago yana fama da wata motar ɗaukar kaya. Sajan ya daina zungura.

A ofis aka fito da Sannu-Sannu. Kwana ɗaya kawai, amma ya rame.

"Baba, miƙo hannuwanka."

Ya miƙa. Ta juya su gaba da baya. Babu ko ƙwarzane.

"Ka iya kwance wayar agogon gudu?"

"Na iya, 'yata, ƙarya ba kyau. Amma ban taɓa yi wa maigida ba."

"Jar allurar juyin inji tana kan shida."

Tsohon ya miƙe tsaye. "Shida? Motar tawa? Wane marar imani ne wannan!" Ya manta a tsare yake. Sai da Sajan ya dafa shi ya zauna, yana ta tambaya ko an duba baƙin mai.

Ƙarfe biyu Sufeto ta tara su duka a garejin. Kawu ya fito daga ɗakinsa cikin ƙamshin turare, hannun dama a aljihu. Ya taɓa yin aikin tallar kaya da motar kamfani, kuma ba ya gajiya da ba da labarin yadda yake cin hanyar awa uku a awa biyu.

"Ina kake jiya da ƙarfe huɗu?"

"Gidan kallo, ranki ya daɗe. Mutum ɗari sun gan ni."

"Ka ambaci ɗaya."

Ya ambaci wani abokinsa. Sajan ya kira lambar nan take, abokin ya ce ƙwarai sun haɗu, amma ana dab da tashi, wajen biyar da rabi.

"Kana nan aka sa agogon?"

"A'a, na yi tafiya. Asabar da yamma na dawo."

"To saurara." Ta buɗe ƙofar motar. "Wanda ya ɗauki motar nan ya san tsohuwar dabara, amma bai san sabon agogo ba. Ya kwance wayar kilomita, ya dawo ya ɗaura, ya goge sitiyari, ya bar jar allura a tsaye tana kallon kowa. Mai rewaya shi ya sa ta, da murza ɗaya zai kwantar da ita. Baba direba sau uku ya gwada maɓallin. Baba Hedimasta ba ya gida. Saura wanda ya san ƙusar makulli, amma ba ya nan ranar da aka yi bayani."

"Wannan ai zato ne kawai."

"Haka ne. Shi ya sa ban tsaya nan ba." Ta ɗora hannunta na dama a kan murfin inji. "Mai rewaya, bismilla."

Ya ɓare filastarsa ya ajiye hannunsa kusa da nata. Yanka biyu, wuri ɗaya, tsawo ɗaya.

"Babu mai kai wa ga wayar nan ƙarfen bai gaishe shi ba. Kawu, fito da naka."

Ya dubi yayarsa da ke tsaye bakin ƙofa. Ita ce ta yi magana. "Fito da shi, auta."

Ya zaro hannun. Yanka na uku, sabo, bai ma gama kamewa ba.

Daga nan magana ta yi ta zubowa. Wai so yake kawai ya ga iyakar inda sabuwar allurar za ta kai. Da ya kwance wayar, agogon gudu ya mutu, bai san gudun da yake yi ba, idonsa yana kan farar allura tana hawa har ya shigo kwanar. Tsoro ne ya hana shi tsayawa.

"Tsoro ne kuma ya sa ka ci abinci jiya a teburina," in ji Hedimasta, "alhali wannan dattijo yana kwance a siminti?"

Sajan ya sa wa Kawu ankwa, sannan ya juya ya cire hula ya ba Sannu-Sannu haƙuri a gaban kowa, abin da ba a saba gani daga Sajan ba.

Mako uku motar ta yi a ofis, allurar a tsaye, har kotu ta gama da ita. Ranar da aka sake ta, mai rewaya ya zo da sabon magagari ya goge bakin ƙarfen har sai da ya shafa shi da kumatunsa ya tabbatar. Sannu-Sannu ya zauna a kujerarsa, ya daɗe yana kallon jar allurar, sannan ya murza maɓallin hagu, ta kwanta.

Asibiti suka nufa duba mai burodi, Hedimasta a baya da sabon keke a but, Sufeto a gaba. Tafiyar minti goma ce, suka yi ta a ashirin da biyar. Masu keke biyu suka wuce su suna ɗaga hannu. Da ya kashe motar, Sufeto ta leƙa agogon. Jar allurar tana kan biyu.

"Baba," ta ce, "da tun farko wannan aka kai wa Sajan, da ko kwana ba ka yi ba."

Tsohon ya shafa dashbod da tafin hannu, idonsa ya ciko.

"Shekara ashirin da shida nake jan ta haka, 'yata. Sai yau na sami mai shaida."