Ranar da Umma Ta Yi Shiru

"Ba zan haɗa zuri'a da mai yawon daji ba! Ka ji na gaya maka!"

Mai Kyamara ta yi turus a ƙofar falo. Muryar Umma ce, mahaifiyar saurayinta, wadda duk unguwa an sani in ta fara magana sai dai ta gaji don kanta.

Shi kuwa saurayin, mai zanen namun daji, yana durƙushe gaban kujera.

"Umma, aikinta ne fa. Ita ke ɗauko hoto, ni in zana..."

"Hoton dabbobi ko na samari?" Wannan 'Yar Gayu ce, ɗiyar ƙanwar Umma, wadda ta daɗe da ɗora ido a kansa. "Wace macen kirki ce za ta fita da sassafe ta dawo da taɓo har gwiwa? Ko turare ba ta sakawa!"

Zuciyar Mai Kyamara ta yi zafi. Ta yi sallama, ta durƙusa.

"Umma, don Allah gobe ki raka ni. In kin ga abin da bai kwanta miki ba, wallahi na haƙura da shi."

"Tsuntsuwata!" Ya zabura. "Me kike faɗa haka?"

Ta ƙi kallonsa, don ta san hawaye zai tona mata asiri.

"Abu biyu kawai nake roƙo, Umma. Ba turare, don barewa na jin ƙamshi daga nesa. Sannan... ba magana."

"Iye! Ni za a hana magana?" Umma ta riƙe haɓa. "To zan je, in ga ƙarshen ƙarya."

Washegari suka baro saurayin jikin mota yana ta addu'a, suka shige wata bukkar ciyawa a bakin tafki. 'Yar Gayu ma ta liƙe, ba wanda ya gayyace ta. Wata da watanni Mai Kyamara tana fakon wata barewa mai ciki a nan, tana fatan ganin ranar da za ta fito da ɗanta.

Rana ta ɗaga. Sauro ya yi ta shagali da ƙafar Umma. Tafki shiru, ko gilmawar tsuntsu babu.

"Kin gani ko?" 'Yar Gayu ta raɗa. "Ba komai a nan."

Umma ta fara gyara mayafi, alamar tashi. Mai Kyamara ta runtse ido. Shi ke nan, ta rasa shi...

Sai ciyawa ta motsa.

Barewar ce! Ta tsaya ta shinshina iska, ta juya kunne, sannan ta taka zuwa ruwa. A bayanta ga wani ɗan mitsitsi yana tangaɗi, ƙafafu kamar tsinken tsintsiya. Ya taka, ya faɗi. Uwar ta dawo ta lashe shi, ya sake yunƙurawa.

Mai Kyamara ta kafa ido a kyamara. Ta gefen ido ta hango 'Yar Gayu ta cika ƙirji da iska za ta ƙaƙaro tari. Wayyo Allah! Tari ɗaya ya isa ya kore su.

Caraf Umma ta toshe mata baki da tafin hannu, ta danne ƙam, ta watsa mata harara.

Ƙyas! Ƙyas! Kyamara ta ɗauki hoto.

Sai da uwa da ɗa suka sha ruwa suka shige daji Umma ta saki bakin. Mai Kyamara ta miƙa mata hoton. Umma ta daɗe tana kallo, idonta ya ciko.

"Haka ja'irin ɗan nan nawa ya yi mini ranar da ya fara tafiya," ta ce a hankali. "'Yata, wannan haƙurin kike yi kullum?"

"Kullum, Umma."

Tun kafin su isa mota Umma ta hango ɗanta, ta ɗaga murya.

"Kai! Ka gaya wa baffanninka su shirya, neman aure za su!"

Ya dubi masoyiyarsa baki buɗe. "Rabin raina... me kika yi mata?"

Ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

Umma ta kama hannunta ta zaunar da ita kusa da ita.

"Bar ni da 'yata. Kai dai ja mota a hankali, kada ka razana mana dabbobi."