Manomin da Ya Ƙi Tuɓe Rigarsa

A wani zamani an yi wani manomi da bai yarda da kowa ba. Shi ya noma audugarsa, ya kaɗa zare, ya saƙa, ya ɗinka riga. Rini kaɗai ya gagare shi, sai ya tafi karofi.

Marini ya ce, "Tuɓe, Malam, mu tsoma ta a ruwan baba."

"In tuɓe ku musanya mini? Inda rigata ta shiga, nan zan shiga."

Aka tsoma shi, aka shanya shi, har kunnuwansa suka yi shuɗi.

Ya ce, "To, ina ƙyallin?"

Marini ya nuna masa ƙarti biyu riƙe da sandunan bugu. "Sai an buga ta. Za ka tuɓe?"

Manomi ya kwanta a kan gungume, ya ce, "Ku bi a hankali wajen wuya, ɗinkin sabo ne."