Rikoda Biyu, Lamba Ɗaya

Ana kiran magariba na buɗe shagona na gyaran kwamfuta, da rikodar Yaya a hannuna. Likita ya ce da wuya Inna ta kai jibi. Ita kuma abu ɗaya take nema, ta ƙara jin muryar ɗanta, Yaya, da ya ƙone a hatsarin mota bara.

Rikodar tsohuwa ce mai taurin kai irin na mai ita. Sabuwar kwamfuta ba ta san da zamanta ba. Sai na gina tsohuwar kwamfuta ta kwaikwayo a cikin sabuwar, na sa mata direba, wato manhajar da ke gabatar da na'ura ga kwamfuta, na jona.

Allo ya ce na'ura biyu masu lamba ɗaya suna jone, a cire ɗaya.

Na yi tsaki. Na san wannan ciwon. Kayan araha haka suke, kamfani ya buga musu lamba ɗaya ya huta. Yaya kuwa biyu ya saya rana ɗaya, har ina masa tsiya wai zai buɗe gidan rediyo.

Sai na tuna. Ta biyun tana aljihunsa ranar hatsarin.

Na leƙa bayan tebur. Waya ɗaya ce tal a jone. Na buɗe fayil ɗin saiti, na canza wa tawa lamba, na sake kunnawa. Ɗayar ma ta canza, ta koma irin tawa sak. Na sake. Ta sake biyo ni. Sau shida, hawaye na ɗiga kan madannai. Wallahi ban taɓa jin na kasa ba irin na ranar.

Fanka ta tsaya. Warin ƙonanniyar roba ya cika shagon.

Lasifikar kwamfutar ta fara huci. Numfashi ne, a hankali, irin na mai ciwon ƙirji.

"Yaya," na ce da raɗa, "in kai ne, ka sakar min. Don Inna."

Kujerar bayana ta yi ƙara, kamar an zauna.

"Auta," aka ce daidai kunnena, "cire taki."

Ban waiga ba. Na fizge wayar, na bangaji ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafata. Rikodar ta yi zafi har ta sale min tafin hannu. Ko da na isa gida ta narke, ba sauran murya a cikinta.

Na durƙusa gaban gadon Inna ina kuka, ina neman yadda zan ce mata na kasa. Sai na ga tana murmushi.

"Ya zo," ta ce. "Mun daɗe muna hira. Ya ce ke ce kika tsare masa hanya, kina ta canza masa lamba."

Inna ko wayarta ba ta iya dannawa, balle ta san zancen lamba. Washegari da hantsi ta cika.

Har yau ina gyara. Amma in allo ya ce na'ura biyu, ni kuma ɗaya nake gani, tawa nake cirewa.