Yarinyar da Ta Bi Sawun Shanu

A wani zamani, 'yan sikawut na wani gari suka fita daji da iyayensu, za su kafa tanti a bakin rafi. Wata yarinya da babanta suka makara, sai suka biyo baya su kaɗai.

Baban ya ce, "Na san hanya." Suka wuce wata kuka mai kogo. Can sai ga kukar kuma. Ya ce, "Na san hanya." Da suka gan ta karo na uku, rana ta take, ruwan gorarsu ya ƙare.

Yarinyar ta ga sabon sawun shanu, amma tana jin nauyin yi wa babanta gyara. Ta daure ta ce, "Baba, malaminmu ya ce da rana shanu rafi suke nufa. Ko mu gwada?"

Ya yi dariya. "Wuce gaba, ina bin ki."

Suka bi sawun. Ba su jima ba suka jiwo ƙamshin dafa-duka, sai ga sauran 'yan sikawut a bakin rafi. Da aka tambaye su abin da ya tsayar da su, baban ya ce, "Ni na ɓatar da mu, ita ta kawo mu. Ku fara zuba mata."