Yaɗon da Baba Ya Tono a Kurmi

Na dawo daga asibiti gab da magariba, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Awa goma sha biyu ina tsaye a kan marasa lafiya. Ko takalmi ban cire ba, Baba ya kira ni daga kan gadonsa.

"Auta, kin ba yaɗon nan ruwa?"

"Baba, bari dai in zauna."

"Jiya ma haka kika ce."

Na ɗauki bokiti.

Shekara uku ke nan da ya tono shi a kurmin bakin rafi, ana gobe katafila za ta share wurin. Ya ce irinsa ya ƙare, shi kaɗai ya rage. Tsiro ne da ba ya son rana, don haka ya dasa shi can ƙarshen lambu, ƙarƙashin mangwaro, ya kafa masa sandunan hawa. Tun da ƙafar Baba ta shanye, aikin ya dawo kaina.

Wurin da sanyi. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ruɓaɓɓen ganye. Na tsuguna ina zuba ruwa a gindinsa.

Sai kukan gyare ya ɗauke ɗif.

Babu iska, amma ganyen na motsi. Wani siririn reshe ya sauko daga sanda, ya kwanta a wuyan hannuna. Ya zagaye sau ɗaya. Sau biyu.

Da ɗumi, kamar hannun mai zazzaɓi.

"Yarinya," aka raɗa a kunnena, muryar tsohuwa. "Na gaji. Mai da ni gida."



"Gidan... babu shi," na ce. "An yi titi a wurin."



Sai dogon numfashi a ƙeyata.

Reshen ya matse.

Na fizge iya ƙarfina, fata ta saluɓe, bokiti ya kife. Ban san yadda na kai ɗaki ba.

Baba ya dubi hannuna, ya juya fuska bango.

"Kullum sai ta roƙe ni," ya ce. "Ban taɓa iya gaya mata ba."

Daga ranar ba wanda ya ƙara ba shi ruwa, bai kuwa bushe ba. Ya sauka daga sandunan, ya biyo ƙasa, ya nufo gida. Sau huɗu ina sare shi da adda kafin in tafi aiki, in dawo in tarar ya wuce inda na sare.

Shekaranjiya ya kama tagar Baba. Na jawo gadonsa zuwa falo.